Alƙalan watan Afrilu

Kowace shekara, da zarar an yi mako uku da buɗe kakar besbol a nan Amurka, sai alƙalai su cika gari. Kana kunna rediyon wasanni a mota za ka ji su suna bugo waya ɗaya bayan ɗaya, wannan daga Staten Island, wancan daga Yonkers, kowa da hukuncinsa a aljihu. Wane ya tsufa, a sallame shi. Wane da aka kawo a watan Disamba asarar kuɗi ne. Manajan da ya ƙulla wannan musayar a kore shi kafin Juma'a. Ni tuƙi ne sana'ata, a Bronx nake zaune, ba nisa tsakanina da filin Yankees da ke kan titi na 161, don haka ina shan wannan shari'a daga safe har dare. Kuma ba 'yan rediyo kaɗai ba ne. Mu ma da muka zo ƙasar nan da ƙwallon ƙafa a jininmu, muka koyi besbol a wajen 'ya'yanmu da maƙwabtanmu 'yan Dominika, mun ƙware a yanke hukunci tun ba a gama karanta ƙara ba.

Ga wanda yake karanta wannan daga gida, bai taɓa zama ya kalli wasan ba, abu biyu ya kamata ya riƙe. Kakar tana da tsawon gaske: ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Watan farko kashi ɗaya ne cikin shida na kakar, kamar a ce an buga wasa 6 cikin 38 na Firimiyar Ingila. Sannan a nan ba kasafai ake sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi ba yadda ake yi a Turai. Musaya ake yi. Ba ni gwaninka ɗaya, in ba ka matasa uku da har yanzu suke ƙananan ƙungiyoyin horo. Shi ya sa kowace musaya take zama gardama, don akwai mutane a ɓangarori biyu da za a yi ta auna su da juna kowace safiya a shafin sakamako.

Ma'aunin da kowa ya fi sani ga mai bugu shi ne: cikin sau nawa da ya tsaya da gora a hannu, sau nawa ya bugi ƙwallo ta faɗi inda ba a cafe ta ba har ya isa tasha lafiya, wato ɗaya daga cikin wuraren tsayawa da ɗan wasa yake zagayawa kafin ya ci maki. Da lamba uku ake rubuta shi. In ka ga .300, wato 3 cikin 10, gwani ke nan. In ka ga .250, mutum ne na tsaka-tsaki, don a 'yan shekarun nan matsakaicin gasar gaba ɗaya bai ma kai haka ba. Wanda yake .200 kuwa aikinsa na reto. Shi mai jifa ana auna shi da abin da suke kira ERA, wato maki nawa ake ci a kansa a kowane zagaye 9, tsawon wasa guda ke nan. Mai 3 yana da kyau, mai 5 ya shiga uku.

To, a duba wannan. Zuwa mako na uku, mai bugun da yake wasa kullum ya tsaya da gora kamar sau 80. Idan ya samu sahihin bugu 20, yana .250. Idan ya samu 24, yana .300. Bugu 4 kacal ne tsakanin wanda ake yi wa kirari da wanda ake cewa ai dama haka yake. Kuma wanda ya zauna a filin ya san yadda bugu 4 suke zuwa. Wata ƙwallon bakin gora kawai take shafa, ta tashi a kasalance, ta faɗi tsakanin 'yan tsaro biyu da kowannensu ya bar wa ɗan'uwansa. An rubuta wa mai bugu lada. Wata kuma ana narka mata gora har ka ji ƙarar daga saman benen 'yan kallo, ta tafi kamar harsashi, ta faɗa cikin safar hannun mai tsaron tasha ta uku ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. An rubuta wa wannan faɗuwa. Ga kuma sanyin Afrilu a New York da Detroit da Chicago, inda 'yan wasa suke hura hannu da baki, ƙwallon da za ta tsallake katanga a zafin Yuli ta mace a hannun mai tsaro taku biyu kafin katangar.

Ɗana da yake sakandare ya taɓa zana mini lissafin a bayan ambulan ɗin kuɗin lantarki. Ya ce, «Baba, ɗauki mutumin da ainihin gwanintarsa .270 ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Ka ba shi sau 100 da gora. Kusan sau ɗaya cikin 20 za ka same shi ko ƙasa da .185 ko sama da .355, ba don komai ya canza a jikinsa ba.» Na ce to sai me? Ya ce ƙungiyoyi 30, kowacce masu bugu 9 take jerawa, mutum 270 ke nan. Saboda haka ko da dukkansu gwanintarsu ɗaya ce, duk ƙarshen Afrilu sai an samu mutum 13 ko 14 da lambarsu za ta fita daga hankali, wasu sama wasu ƙasa, kuma a kansu jaridu za su yi ta rubutu. Direban da ya daɗe a titi ya san wannan ba sai an zana masa ba. Akwai ranar da za ka sauke fasinja a filin jirgin sama ka tarar da wani yana jira zuwa New Jersey, akwai ranar da za ka yi ta zagaye mota wayam. Ba wanda yake sayar da motarsa saboda cinikin mako guda.

Musayar da ta fi koya mini wannan abu a idona aka yi ta. A ƙarshen kakar 2014 Derek Jeter ya ajiye gora, bayan shekara 20 a Yankees da lashe kofin gasar, wanda suke kira kofin duniya, har sau 5. Wanda duk zai tsaya a gurbinsa, tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ya san ya ɗauki kaya. Ranar 5 ga Disamba, 2014, ƙungiyoyi uku suka haɗu a musaya guda. Yankees suka ba Detroit mai jifa Shane Greene. Detroit ta ba Arizona wani matashin mai jifa da hagu, Robbie Ray, da wani yaro Domingo Leyba. Arizona kuma ta turo wa Yankees Didi Gregorius, haifaffen Amsterdam da ya tashi a tsibirin Curaçao, wanda aka sani da iya tsaro amma gorarsa ba ta tsorata kowa.

Tun ranar buɗe kaka ta 2015 Gregorius ya fara da ƙafar hagu. Toronto tana gaba da ci 6 da 1 a zagaye na takwas, Yankees sun samu mutum biyu a tasha, babban mai bugunsu Mark Teixeira yana tsaye da gora, sai kawai Gregorius ya zabura zai saci tasha ta uku. Aka riga shi, zagayen ya mutu a nan. Makonnin da suka biyo baya ba su gyara masa suna ba: kuskure a tsaro, kuskure a gudu, bugunsa da ƙyar ya haura .200 a watan. 'Yan kallo suka riƙa rera sunan Jeter suna tafi a lokacin da shi yake tsaye a filin. Na ji da kunnena, kuma ba abin daɗin ji ba ne, a yi wa yaro ɗan shekara 25 waƙar wanda ya gada.

A daidai wannan lokacin Shane Greene yana can Detroit ya zama dodo. Wasa uku na farko, nasara uku. Zagaye 23 ya jefa, maki ɗaya tak aka ɗora masa, ERA ɗinsa 0.39. Ba sai na faɗi abin da rediyo take cewa ba. An yi wa Brian Cashman, babban manajan Yankees, wankin babban bargo: ya ba da zinariya ya karɓo tagulla. A shagon askin da nake zuwa a Grand Concourse, mai askin ɗan Dominika ya tsaya da injin a kaina yana nuna talabijin da ɗaya hannun, yana rantsuwa da Sifaniyanci cewa wannan ita ce musaya mafi muni tun zuwansa ƙasar.

Daga wasansa na huɗu Greene ya fara shan duka. Ya ƙare kakar da nasara 4, faɗuwa 8, ERA 6.88, an ma mayar da shi ƙaramar ƙungiya a tsakiya, daga baya aka gano matsalar jijiyar jini a kafaɗarsa aka yi masa tiyata. Gregorius kuwa ya natsu, ya ƙare da .265. A 2016 ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 20, abin da ake kira homron. A 2017 ya yi 25, ya karya tarihin 24 da shi Jeter ɗin ya kafa wa masu tsaron wannan gurbi a Yankees. A wasan raba-gardama na Oktoban shekarar, wanda duk ya faɗi ya tafi gida, Minnesota ta ci 3 tun kafin Yankees su taɓa gora. Gregorius ne ya rama su duka da bugu ɗaya a zagayen farko. Bayan mako guda a Cleveland ya yi wa Corey Kluber homron biyu a wasa na biyar, na ƙarshe a karawarsu, shi Kluber ɗin da aka ba kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a wannan shekarar. Bakin da ya rera Jeter shi ne ya koma rera Didi.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce Yankees ne suka ci riba, a rufe littafi. Amma akwai mutum na uku da ba wanda ya kula da shi a Afrilun 2015. Robbie Ray ya bar Detroit da ERA 8.16 a 'yan wasannin da ya buga musu a 2014. A 2016 a Arizona ya yi nasara 8 ya faɗi 15, ERA 4.90, lambobin da za su sa mai kallon sama-sama ya ce ba shi da amfani. Sai dai a wannan shekarar ya fitar da masu bugu 218 da jifa uku-uku, ba su ko taɓa ƙwallon yadda za ta yi amfani ba. A 2017 ya yi nasara 15 ya faɗi 5, ERA 2.89, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar. A 2020 ya sake rikicewa, Arizona ta miƙa wa Toronto shi kusan kyauta, a 2021 ya lashe Cy Young a can. Shi ma Greene bai mutu ba. Detroit ta mayar da shi mai rufe wasa, wanda ake kira ya jefa zagayen ƙarshe kawai, a 2019 ya shiga cikin taurari, aka yi musayarsa zuwa Atlanta. Musaya ɗaya, hukuncinta ya juya sau uku ko huɗu cikin shekara bakwai, kuma wanda ya fi kowa kuskure a ciki shi ne na makonni uku na farko, wanda aka fi faɗa da ƙarfi.

Shi kansa Gregorius Afrilu ta yi ƙarya a kansa sau biyu, sau ɗaya ta ƙasa sau ɗaya ta sama. A Afrilun 2018 ya yi homron 10, ya shigo da maki 30, aka ba shi gwarzon wata, har ana maganar ko shi zai zama gwarzon shekara. A watan Mayu bugunsa bai kai .160 ba. Ya ƙare da homron 27, wato kusan inda ya tsaya a shekarar da ta gabata.

Irin waɗannan ba su da iyaka. Tuffy Rhodes na Chicago Cubs ya yi wa Dwight Gooden homron 3 ranar buɗe kakar 1994, ya ƙare shekarar da 8, sai a Japan ya je ya zama sarki, har ya yi 55 a 2001. Chris Shelton na Detroit ya yi 9 a wasa 13 na farkon 2006, ƙarshen Yuli aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Toledo, ƙungiyarsa ta je wasan ƙarshe na kofin duniya babu shi. Yermín Mercedes, ɗan Dominika, wanda maƙwabtana suka yi ta alfahari da shi, ya buɗe 2021 da sahihin bugu 8 a jere a Chicago White Sox, ya gama Afrilu sama da .400, farkon Yuli yana ƙaramar ƙungiya. Ta ɗaya gefen kuma, Willie Mays ya tsaya sau 12 na farko a 1951 bai samu ko ɗaya ba, mutumin da zai yi homron 660. Jeter ɗin da ake yi wa Gregorius gori da shi ya taɓa tsayawa sau 32 a jere babu bugu a Afrilun 2004, aka yi masa ihu a filinsa, ya ƙare da .292. Na kusa-kusa shi ne Aaron Judge na Yankees. Ranar 20 ga Afrilu, 2024, ranar da aka raba wa 'yan kallo 'yar tsanarsa mai kaɗa kai, Tampa Bay ta fitar da shi sau huɗu, mutane suna riƙe da 'yar tsanar a kwali suna yi masa ihu. Kyaftin ɗin ƙungiya, wanda ya yi homron 62 shekara biyu kafin nan. Ya gama Afrilu da .207. Ya gama kakar da .322, homron 58, maki 144 da ya shigo da su, aka ba shi gwarzon shekara ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke cin abinci tare bayan sallar Juma'a, ya riga mu duka zuwa ƙasar nan, ya ga Yankees na zamanin Don Mattingly, tauraronsu na shekarun 1980. Ran nan ina wannan bayani sai ya ajiye cokali ya ce, «Malam, duk na ji ka. Amma Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Ina nan a 1988 Baltimore ta faɗi wasa 21 a jere daga ranar buɗewa. Ka ce mini sa'a ce?» Na ce, «Allah ya ja kwana, Alhaji, ba sa'a ba ce, sun ƙare da nasara 54 da faɗuwa 107.» Ya ce to Detroit ta 1984 fa, da ta ci 35 cikin 40 na farko ta tafi har kofi? Na ce haka ne. Na kawo masa Washington ta 2019, da take da nasara 19 da faɗuwa 31 a ƙarshen Mayu amma ta ɗauki kofin duniya, da Milwaukee ta 1987 da ta ci 13 na farko a jere sannan ta faɗi 12 a jere a watan Mayu. Ya yi dariya ya ce kowa da misalin da yake ɗauka a kasuwa.

Gaskiyarsa, kuma maganarsa ce ta fi ta masu cewa Afrilu ba ta nufin komai. Tana nufin wani abu. Abin tambaya shi ne wace lamba ce take saurin faɗin gaskiya, wacce ce sai an yi haƙuri da ita. Wani masani mai suna Russell Carleton ya zauna ya auna wannan, ya nemo inda kowace lamba take kaiwa matsayin da aƙalla rabin abin da ake gani halin ɗan wasan ne ba sa'a ba. Yawan yadda ake fitar da mai bugu da jifa uku yana fara nuna gaskiya tun daga tsayuwa kamar 60, wato mako biyu zuwa uku. Yawan yadda yake haƙuri ya ƙi taɓa jifa marar kyau har a ba shi tasha kyauta yana buƙatar kamar 120. Homron kamar 170. Amma lambar nan ta .250 da .300 da kowa yake zagi ko yabo a kanta, sai an kai kamar 910, fiye da kaka guda cur. Dalilin a bayyane yake. Fitarwa da jifa uku tsakanin mutum biyu ne kawai, mai jifa da mai bugu. Da zarar ƙwallo ta taɓi gora ta shiga fili, mutum takwas sun shigo cikin maganar, ga iska, ga ciyawa, ga inda koci ya tsayar da masu tsaro.

Ga masu jifa ma haka ne, har ya fi. Tun a 2001 wani mai suna Voros McCracken ya nuna cewa idan aka cire homron, ƙwallon da aka buga cikin fili kusan 3 cikin 10 ne suke zama sahihin bugu, kuma mai jifa ba shi da iko sosai a kan hakan, gwani ne ko ba gwani ba. Mutane da yawa sun ƙi yarda da farko. Da wannan ido ne za ka kalli 0.39 ta Greene ka ga rami a ƙarƙashinta, don ba yawan fitar da masu bugu yake yi ba a wasannin nan uku, ƙwallayen ne suke ta faɗawa hannun mutanensa. Da shi ne kuma za ka kalli 4.90 ta Ray ka ce a yi masa haƙuri.

Tun daga 2015 an sa na'urorin Statcast a dukkan filaye 30, suna auna gudun kowace jifa da gudun da ƙwallo take barin gora. Wannan ya sauƙaƙa wa irinmu. Ni yanzu in aka ce wane ya lalace a Afrilu, abu uku nake dubawa a waya kafin in sa baki. In mai jifa ne, gudun jifarsa ya ragu da na bara? Wanda yake jefa mil 96 a awa ya dawo 93, wannan ba sai an jira Yuli ba, jifa 30 sun isa a gani, kuma sau da yawa ciwo ne yake ɓoye a gwiwar hannu ko kafaɗa. In mai bugu ne, har yanzu ƙwallo tana barin gorarsa da mil 95 ko fiye? Yana bin jifar da ta faɗi ƙasa da gorarsa kamar makaho, ko yana kyale ta? Judge a Afrilun 2024 bai daina samun tasha kyauta ba, idonsa yana nan. Sannan abu mafi sauƙi da mutane suke mantawa: shekara biyar da mutum ya yi a baya sun fi mako huɗu nauyi. Wasu masana lissafi biyu, Bradley Efron da Carl Morris, sun taɓa ɗaukar 'yan wasa 18 na kakar 1970 bayan kowannensu ya tsaya sau 45, suka nuna cewa in kana son cinkar yadda za su ƙare, gara ka jawo lambar kowa sosai zuwa tsakiya da ka yarda da ita yadda take. Wanda yake samansu a lokacin Roberto Clemente ne, da .400. Gwani ne na gaske, amma shi ma .346 ya yi a sauran kakar.

Ita musaya kuma tana da wata matsalar ta daban, wadda ko jira ba ya warware ta gaba ɗaya. Ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke saye ba. A watan Agustan 1987 Detroit tana tseren lashe rukuninta, ta karɓo tsohon mai jifa Doyle Alexander daga Atlanta, ta ba da wani yaro ɗan shekara 20 da yake fama a ƙaramar ƙungiya. Alexander ya yi nasara 9 babu faɗuwa, ERA 1.53, Detroit ta lashe rukunin a ranar ƙarshe. Yaron ya fara a Atlanta a 1988 da nasara 2 da faɗuwa 7. Ko an jira shekara guda cur, hukuncin shi ne Detroit ta yi wayo. Yaron nan shi ne John Smoltz: nasara 213, wasa 154 da ya rufe, Cy Young a 1996, yana zauren gwarzaye na Cooperstown tun 2015. Yau duk jerin munanan musayoyi da za a rubuta sai an sa wannan. Ni ban yarda ba. Detroit ta biya kuɗin Oktoban 1987 kuma an ba ta abin da ta biya, sai dai Minnesota ta tare ta a zagayen gaba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, haka ne, amma manajan da yake da makonni bakwai a gabansa ba shi da shekara arba'in. Abin da ya dace a tambaye shi shi ne me ya sani a ranar, me yake buƙata, kuma ko akwai wanda ya fi arha da ya ƙi duba. Wadda nake ganin ta fi cancantar zargi ita ce ta Boston a 1990, da ta ba da Jeff Bagwell don Larry Andersen, mai jifa ɗan shekara 37 da ya yi musu zagaye 22 ya tafi, alhali Bagwell yana buga .333 a ƙaramar ƙungiyarsu, ba ɓoyayye ba ne. Ya yi wa Houston homron 449.

Wadda muke gardama a kanta har yanzu a teburin Alhaji ita ce ta Juan Soto. A Disambar 2023 Yankees suka karɓo shi da Trent Grisham daga San Diego, suka ba da mutum biyar: Michael King, Jhony Brito, Randy Vásquez, Drew Thorpe da Kyle Higashioka. A Afrilun 2024 Soto yana ta ruwan bugu, King kuma yana shan homron a can, ERA ɗinsa wajen 5, rediyo ta ce an yi wa San Diego fashi da rana tsaka. King ya ƙare kakar da 2.95, yana cikin waɗanda suka fi kowa a gasarsu. Thorpe ko wasa ɗaya bai buga wa San Diego ba, sun haɗa da shi sun karɓo Dylan Cease daga White Sox a watan Maris, shi kuma Cease a watan Yuli ya jefa wasa guda cur a Washington ba a yi masa sahihin bugu ko ɗaya ba. Higashioka, da aka ɗauka cikon mudu ne, ya yi homron 17. Soto ya yi 41, ya kai Yankees wasan ƙarshe na kofin duniya karo na farko tun 2009, Dodgers suka doke su 4 da 1, sannan ya tsallaka gada zuwa Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Alhaji ya ce hayar shekara ɗaya aka yi da kuɗin sayen gida. Ni kuma nakan tuna masa da Grisham, wanda ya buga .190 a 2024 har mutane suna tambayar me yake yi a benci. A 2025 ya yi homron 34.